Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Fanka Bin Umarnin Tamostat na Zamani

Wanda ya cire tsohon tamostat, wato na'urar da ke ba injin ɗumama gida ko sanyaya shi umarni, daga bango ya ɗaura na zamani mai haɗi da intanet, irin su Nest ko ecobee ko Honeywell Home, ƙorafinsa a kan fanka ba ya wuce uku. Ko ta ƙi tsayawa, dare da rana tana ta busa iska. Ko ta ƙi tashi, duk danne-dannen da aka yi a manhaja. Ko kuma ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu, ana jin ƙas-ƙas daga cikin inji. Da yake sabon tamostat shi ne baƙo a gidan, shi ake fara zargi, har wasu su mayar da shi kwalinsa su sayo wani su ɗaura, matsala tana nan daram.

Fankar nan iyayen gidanta uku ne. Akwai saitin da ke cikin tamostat da manhajarsa. Akwai siririyar wayar da ke ɗaukar umarni daga bango zuwa inji. Sai kuma fanel, wato allon lantarkin da ke cikin injin kansa, wanda yake da ikon kunna fanka ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Aikinka duka shi ne ka gano wanda ya ba da umarni a cikin ukun, ko wanda ya tare umarnin a hanya. Kada ka sayi komai sai ka gano shi.

Fankar da nake nufi ita ce babbar da ke cikin injin ɗumama gida ko na sanyaya shi, mai tura iska ta bututu zuwa ɗakuna. Ba ta saman akwatin da ke waje ba, wannan tare da kwamfireso take tashi. Tsarin kuma shi ne na ƙaramar wuta mai ƙarfin 24V, wanda ya fi yawa a gidajen Amurka da Kanada. Idan ka buɗe bayan tamostat ka ga wayoyi masu kauri guda biyu ko huɗu, ko ka ga an rubuta 120V ko 240V, rufe ka bar shi. Wutar gida ce kai tsaye, tana kisa, kuma yawancin tamostat na zamani ba don ita aka ƙera su ba.

San wayoyin tukuna

A bayan tamostat akwai ramuka, kowanne da harafinsa. R ne ke kawo wutar 24V daga ƙaramin taransfoma da ke cikin inji. G ta fanka ce. Y ta sanyi, W ta zafi, C kuma ita ce hanyar da wuta ke komawa, wadda ke ba tamostat damar samun wutar da zai rayu da ita kullum. A injin da ke yin zafi da sanyi da kwamfireso ɗaya za ka ga O/B, mai juya aikin.

Tamostat, duk wayonsa, makunni ne kawai. In yana son fanka sai ya haɗa R da G. In yana son sanyi ya haɗa R da Y da G. Iyakarsa ke nan. Wi-Fi da manhaja da koyon ɗabi'ar mutanen gida duk suna ƙarewa ne a wannan haɗin.

A al'ada R ja ce, G kore, Y rawaya, W fara, C shuɗiya. Amma kada launi ya ruɗe ka, domin wanda ya ja wayar gidan yana iya amfani da abin da ya samu a hannu. Harafin da waya ta shiga a fanel ɗin inji shi ne sunanta na gaskiya. A wasu gidaje kuma R biyu ce, Rc ta injin sanyi da Rh ta injin zafi, kowacce da taransfomanta. A irin wannan gida daga Rc fanka ke samun umarni. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na farko: bincike saiti, kafin ka ɗauki sukudireba

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don a nan mafi yawan matsalolin "fanka ta ƙi tsayawa" suke kwance.

Shiga sashen fanka a jikin tamostat ɗin kansa, ba a wayar hannu kaɗai ba, saboda manhaja takan makara wajen nuna abin da ke gudana idan intanet ya yi rauni. Duba ko tana kan Auto ko On. Auto na nufin ta tashi sai in ana zafi ko sanyi. On na nufin ta yi ta aiki ba hutu. A Honeywell akwai na uku, Circulate, wanda ke kunna ta jefi-jefi, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci, don iska ta zagaya gida. Mutum zai ji fanka ta tashi da tsakar dare alhali ba zafi ba sanyi, ya ce aljanu sun shiga inji, ashe abin da aka saita ke nan.

A ecobee nemi saitin mafi ƙarancin mintunan da fanka za ta yi a kowace awa. Ana iya sa shi daga 0 zuwa minti 55. In ba ka son ta tashi da kanta, mayar da shi 0. Sannan ka duba kowane yanayi dabam, na gida da na barci da na fita, domin kowanne yana da nasa saitin fanka. Sau da yawa an gyara na gida an manta na barci yana kan On. A Nest kuwa akwai jadawalin fanka na kullum, inda ake zaɓar minti 15, 30, 45 ko awa cikakkiya a cikin kowace awa, ga kuma agogon da ke kunna ta na ɗan lokaci ya kashe. Kashe duka biyun yayin gwaji.

Daga nan ka waiwayi waɗanda ka bai wa mabuɗin gidan ka manta: Alexa, Google Home, SmartThings, Home Assistant da makamantansu. Wata doka da ka rubuta watanni da suka wuce, kamar "in an buɗe ƙofa a kunna fanka", tana nan tana aiki shiru. Hanya mafi sauƙi ta wanke su ko kama su ita ce ka cire tamostat daga Wi-Fi na yini guda. In fanka ta natsu, daga waje umarnin ke zuwa. Haka nan in akwai na'urar ƙara danshi ko ta shigo da iskar waje da aka haɗa da tamostat, ita ma takan tayar da fanka duk lokacin da take aiki.

Saiti na ƙarshe shi ne wanda aka fi yin kuskure a kansa ranar ɗaurawa: wa ke da ikon fanka lokacin ɗumama gida? Injin gas shi ke kula da fankarsa. Yakan kunna wuta, ya jira ƙarfe ya yi zafi, sannan ya saki iska. Injin da ke ɗumama da lantarki kuwa sau da yawa yana jiran tamostat ya aiko da G tare da W. In ka gaya wa tamostat gas kake da shi alhali lantarki ne, zafi zai kama fanka na kwance. In ka yi akasin haka, duk sanda zafi zai fara sai iska mai sanyi ta riga shi fitowa. A ecobee saitin yana cikin sashen kayan aiki na mai ɗaurawa, a Nest da Honeywell kuma yana bin irin makamashin da ka zaɓa. Koma ka tabbatar amsar da ka bayar ta dace da injinka.

Shawarata: kada ka yi gaggawar goge tamostat ya koma kamar sabo. Mutane da shi suke farawa, ya share musu jadawali da duk abin da ya koya, matsala kuma ba ta gusa ba. Kashe shi ka kunna kawai, wannan ba ya ɓata komai.

Mataki na biyu: rabe cuta da ɗabi'a

Wasu abubuwan ba matsala ba ne. Injin gas yakan yi kamar rabin minti zuwa minti guda kafin ya saki iska, kuma bayan wuta ta mutu fanka takan ci gaba minti ɗaya zuwa uku tana kwashe ragowar zafi. A sanyi ma haka ne. Nest yana da abin da ya kira Airwave, wanda ke kashe kwamfireso da wuri ya bar fanka tana ɗebo sanyin da ya rage a kwayil, wato naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya iska a cikin inji, ecobee ma yana da saitin da ke tsawaita fanka bayan zafi ko sanyi ya tsaya. In kuma ka ga iska ta fi rauni a kan On fiye da lokacin sanyaya gida, injuna da yawa haka aka tsara su. A fanel ɗin inji ake saita gudun fanka. Tamostat na yau da kullum "tashi" da "tsaya" kaɗai ya iya faɗa mata.

Ɗauki agogo ka ƙirga. Fankar da ta tsaya cikin minti biyar bayan inji ya gama lafiyarta ƙalau.

Mataki na uku: tambayi tamostat wayoyin da yake gani, sannan ka gani da idonka

Kowane tamostat na zamani yana da shafin da ke nuna wayoyin da ya gane. Shiga ka duba ko G na ciki. A Nest, in bai ga waya a ramin G ba, zaɓin fanka ma ba zai fito ba sam. Mutum ya yi ta neman maɓallin da babu shi.

Yanzu kashe wutar inji daga bireka, ko daga makunnin da ke kusa da shi. Kashe tamostat daga manhaja ba kashe wuta ba ne. In R ta goga wata waya da wuta a jiki, fis zai tafi, in an yi rashin sa'a har taransfoma. Ciro fuskar tamostat, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa ko ɗaya. Ja kowacce a hankali. Wadda ta zame ba ta shiga da kyau ba. Jan ƙarfen da aka fere ya kai kamar santimita ɗaya, a miƙe, ba tsatsa ba fenti. In ya yi gajarta, rami robar zai kama maimakon ƙarfe. In ya yi tsayi, zai taɓa maƙwabciyarsa.

Sai ka tafi wurin inji, ka buɗe ƙofar da fanel yake, ka ɗauki hoto nan ma. Gwada hotunan biyu. Wayar da ke G a bango ita ce ke G a fanel? Ba ƙaramin adadin matsaloli ne ke ƙarewa a wannan tambayar ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu.

Idan fanka ta ƙi tsayawa

Bar fuskar tamostat a cire, ka tabbatar babu wayar da ke taɓa wata, ka rufe ƙofar inji, ka mayar da wuta. Jira minti biyar don jinkirin fanel ya ƙare.

In fanka ta tsaya, tamostat ne ke kiranta. Ko dai saiti ne da ya kuɓuce maka, ko makunnin cikinsa ya maƙale. Koma mataki na farko da natsuwa. In ka tabbatar allo yana nuna fanka a kashe amma da zarar ka mayar da fuskar sai ta tashi, to a nan ne gogewa gaba ɗaya ta halatta, in ba ta yi ba kuma a nemi canji daga kamfanin.

In ba ta tsaya ba, tamostat ya kuɓuta, tunda ba ya ma jikin bango. Sake kashe wuta, ka kwance wayar G daga fanel, ka naɗe bakinta da tef, ka rufe ƙofa ka kunna. Ta tsaya yanzu? To R da G sun haɗe a wani wuri tsakanin bango da inji. Ƙusa ce ta huda, ko ɓera ya ci roba, ko wayar ta gogu da bakin ƙarfe inda take shiga inji. Fara duba ƙarshen biyu, a nan aka fi samun raunin. In a tsakiyar bango ne, leƙa cikin ramin bayan tamostat, sau da yawa akwai wayar da ba a yi amfani da ita ba an lanƙwashe ta baya. Ita za ta zama sabuwar G a ɓangarorin biyu.

In kuwa an cire G daga fanel fanka tana ta yi, injin ne da kansa ya kunna ta, kuma yawanci da dalilinsa. Injin gas yana da makunnin kariya da ke yanke wuta in zafi ya wuce kima, sai fanel ya saki fanka don ta huce shi. Alamarsa ita ce iska mai sanyi tana fita ba tsayawa, zafi kuma ya ƙi kamawa. Leƙa ta 'yar tagar da ke ƙofar inji, za ka ga ƙaramar fitila tana ƙyaftawa. Ƙirga ƙyaftawar, fassararta tana manne a jikin ƙofa. Abin da ya fi jawo haka shi ne matatar iska da ta toshe da ƙura, ko an rufe ƙofofin iska da yawa a ɗakuna, ko an jingina kujera a bakin inda iska ke komawa. Canja matata, buɗe ƙofofin, kashe wuta minti ɗaya ka kunna. Amma in fassarar ta nuna harshen wuta ne ya fito daga mazauninsa, kada ka danna maɓallin mayarwa ka ci gaba da harkarka. Kashe inji ka kira ƙwararre, maganar hayaƙi mai guba ce.

Tsofaffin injuna suna da wani ɗan akwati mai maɓallin da ake turawa ko a ja, an rubuta Auto da Manual. In wani ya ture shi zuwa Manual, fanka ba za ta taɓa hutawa ba. In duk wannan lafiya, saura rile, wato ƙaramin makunnin fanka, da ya narke ya manne a fanel, wanda maganinsa canjin rile ko fanel.

Abu ɗaya da ake mantawa: a gidan da aka raba shiyya-shiyya, kowace da tamostat ɗinta, fanka ɗaya ce ke yi wa kowa aiki. Tamostat na sama yana kan On, kai kana ƙasa kana faɗa da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Idan fanka ta ƙi tashi

In kana kan sanyi ne kuma akwatin waje yana aiki fanka ba ta juyawa, kashe sanyin nan take. Kwayil zai daskare ya zama ƙanƙara, kwamfireso kuma yana iya lalacewa.

Fara da abin da ba ya buƙatar mitar awon wuta. Ƙofar inji tana danne wani makunni, in ba ta zauna daidai ba komai ba zai tashi ba. Wannan ya fi kama wanda bai daɗe da canja matata ba. Duba bireka. Duba tiren da ruwan sanyaya ke taruwa, domin in magudanarsa ta toshe akwai makunni mai iyo da ke yanke wutar tamostat ko ta sanyi don kada ruwa ya malale. Sannan fis ɗin fanel, irin na mota ne mai ƙafa biyu, galibi 3A ko 5A. Ɗaga shi a haske. In ya tsinke, sa mai lamba iri ɗaya, kada ka ƙara masa girma, kada ka naɗa masa waya. In sabon ma ya tafi nan take, akwai wayoyin da suka haɗe, su za a nema. A gida mai Rc da Rh, ka tuna injin sanyi ne ke bai wa fanka umarni. In an kashe birekarsa saboda lokacin sanyi ya shigo, zafi na iya aiki amma maɓallin fanka ya zama ado.

Sai babban gwaji. Kashe wuta, ciro fuskar tamostat, zare R da G daga ramukansu, ko Rc da G in R biyu ce, ka murɗe bakinsu tare. Kauce, ka mayar da wuta. Abin da ka yi shi ne aikin tamostat da hannunka. In fanka ta tashi, waya da fanel da moto duk lafiya, matsalar tana bango: rami bai kama ba, saiti, ko tamostat ɗin. In ba ta tashi ba, kashe wuta, ka maimaita a fanel da guntuwar waya tsakanin sukurun R da na G. Ta tashi a nan amma ba ta tashi daga bango ba? Wayar G ta tsinke a hanya. Ba ta tashi ko a nan ba? Ciwon yana cikin inji.

Mai mita yana iya tabbatarwa ba tare da murɗe waya ba. Sa ta a ma'aunin AC. Tsakanin R da C ya kamata ka ga 24V ko sama da haka kaɗan, kamar 26 ko 27. Tsakanin G da C za ka ga kusan sifili in ba a kira fanka ba, 24V in an kira. Sai dai awo a fanel yana buƙatar a danne makunnin ƙofa da wuta a jiki, kuma a gefen waɗannan ƙananan sukurori akwai wayoyin 120V ko 240V. In hannunka bai saba ba, tsaya a gwajin murɗe waya, ya isa ya nuna maka hanya.

Maganar wayar C

Tsohon tamostat ba ya cin wuta sosai, shi ya sa gidaje da yawa wayoyi huɗu kawai aka ja musu, babu C. Na zamani kuwa yana da allo da Wi-Fi, dole ya ci. In babu C, wasu sukan riƙa tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ta wayar zafi ko ta sanyi don cika batirinsu. Wasu fanel ba sa damuwa. Wasu kuwa sukan ɗauki tsotsar nan a matsayin umarni, sai ka ji rile yana ƙas-ƙas, fanka ta yunƙura ta koma, Wi-Fi yana yankewa, allo yana mutuwa. In alamunka ke nan, kusan ko shakka babu yunwa ce ke damun tamostat.

Akwai dabarar da masu ɗaurawa ke yi wadda ke haifar da ƙorafin fanka daga baya: su ɗauke wayar G su mayar da ita C, sannan su haɗa Y da G da guntuwar waya a fanel. Sanyi zai yi aiki da fankarsa, zafin gas ma haka, amma ikon kunna fanka ita kaɗai ya tafi. Ba lalacewa ba ce, musaya aka yi. In ka ga koriyar waya a ramin C, G kuma fayau, ga amsarka. A injin lantarki da ke jiran G lokacin ɗumama kuwa dabarar nan ba ta dace ba ko kaɗan.

Mafita ta gari ita ce wayar ajiya da ke cikin bango in akwai, ko a ja sabuwa mai biyar ko fiye. In ba hali, ecobee yana da ɗan akwatin da ya kira PEK, da ake ɗaurawa a fanel don wayoyi huɗu su yi aikin biyar, Nest ma yana da nasa mai suna Power Connector. Ka lura, a gidan da aka sa PEK ganin koriyar waya a ramin C daidai ne, kuma gwajin murɗe R da G daga bango ba zai faɗa maka gaskiya ba. A fanel za ka yi shi.

Wasu injuna kuma, irin su Carrier Infinity mai ramukan A, B, C, D, ba da haɗa R da G suke magana da tamostat ɗinsu ba, saƙon kwamfuta suke aika wa juna. Duk bayanin wayoyin da ya gabata bai shafe su ba, kuma ba a gwada murɗe waya a kansu.

In ciwon yana cikin inji

Saurara. In ka ji ƙas daga fanel, sannan moto ya yi gurnani bai juya ba, kafasito ne ake fara zargi a tsofaffin motoci masu amfani da shi. Wani lokaci za ka gan shi ya kumbura. Kashe wuta da sauri kada moto ya ƙone. Da wuta a kashe, juya fankar da hannu. In ta yi tauri ko tana kartar gefe, moton ne ko wani abu ya maƙale. In babu ƙas babu gurnani alhali 24V na isa G, fanel ne. Sababbin motoci masu canja gudu suna da nasu ƙaramin fanel a bayansu, shi ma yakan mutu.

A nan ni nake ja da baya in ba wa mai gyara wuri. Kafasito yana riƙe wuta ko bayan an kashe bireka, kuma sai an sa mai lamba daidai da na tsohon. Amma ka riga ka rage masa rabin aiki. Gaya masa abin da ka gwada: an cire fuska, an haɗa R da G a fanel, fitila ta ƙyafta sau kaza. In kuma ka ji warin gas a kowane mataki, kada ka taɓa makunni ko ɗaya, fitar da kowa waje ka kira kamfanin gas daga can.

Mayar da komai

Kashe wuta, cire duk guntuwar wayar gwaji, ka bi hotonka ka mayar da kowace waya raminta, ka ja ta kaɗan don ka ji ta kamu. Tura ragowar wayoyin cikin bango yadda fuskar za ta zauna daidai, don in ta ɗan ɗago ƙusoshin bayanta ba sa shiga sosai. Rufe ƙofar inji har makunninta ya danne, ka kunna wuta, ka sake duba shafin wayoyi ko G ta bayyana.

Gwada abu uku, ɗaya bayan ɗaya: fanka ita kaɗai, sannan zafi, sannan sanyi, kana sa hannu a bakin ƙofar iska kowane karo. Sanyi ba zai kama nan take ba, domin tamostat yakan riƙe kwamfireso kamar minti biyar bayan yankewar wuta. In ana tsananin sanyi a waje, bar gwajin sanyaya sai yanayi ya sassauta, kwamfireso ba ya son tashi a haka. Bayan gwaji mayar da fanka Auto, musamman a lokacin zafi mai gumi, saboda in ta ci gaba da busawa bayan kwamfireso ya tsaya, ruwan da kwayil ya tatsa daga iska shi za ta sake watsowa cikin ɗakuna.